Na Ga Wanda Ya Sace Ƙanena a Kasuwa, Ina Hukuncin Kisan da Aka Ce?

Tambaya: Ni mutumin ƙaramar hukumar Alkaleri ne. Shekara biyu da suka wuce aka ɗauke ƙanena daga gida cikin dare, ya yi kwana goma sha tara a daji, sai da muka sayar da shanu da gona muka kai kuɗin fansa. Bayan wata biyu 'yan sanda suka kama mutum uku, aka yi holinsu gaban 'yan jarida a Bauchi, har ɗaya ya amsa da bakinsa. Makon jiya na yi ido huɗu da shi a kasuwa yana cinikin akuya. Lauya, ba an ce kisa ne hukuncin mai garkuwa da mutane a jihar nan ba? Ko an sayar da shari'ar ne?

Amsa: Malam, ina jajanta muku. Allah Ya mayar da alheri, Ya kiyaye na gaba. Na yi shekaru ina tsayuwa a kotunan Bauchi, wani lokaci a ɓangaren masu gabatar da ƙara, wani lokaci a ɓangaren wanda ake tuhuma, kuma na sha jin wannan tambaya daga bakin mutanen da ransu ya ɓaci kamar naka. Ba zan rantse maka cewa ba a cin hanci ba, ana ci. Amma yawancin shari'un garkuwa da na ga sun lalace ba sayensu aka yi ba. Yunwa ce ta kashe su: babu shaida, babu mai bin sawu, fayil ya kwanta a kan wani tebur har ƙura ta rufe shi. Wanda ake tuhuma ba ya buƙatar kashe ko kwabo a kan shari'ar da ke mutuwa da kanta.

Bari mu fara da dokar, domin abin da ka ji rabinsa ne. Tsohon kundin hukunta laifuka, wato Final Kod, da ya fara aiki a Arewa a 1960 bai san irin garkuwar da muke gani yau ba. Satar mutum a wurinsa ita ce a yaudari yaro ɗan ƙasa da shekara 14, ko yarinya 'yar ƙasa da 16, a raba su da mai kula da su, ko a tilasta wa babba barin inda yake. Hukuncin da sashe na 273 ya tanada bai wuce ɗaurin shekara 10 da tara ba, idan kuma an ɗauke mutum ne don a hallaka shi, shekara 14. Da abin ya zama sana'a sai jihohi suka shiga sake doka. A watan Maris na 2017 Gwamna Mohammed Abdullahi Abubakar, wanda shi kansa lauya ne kuma ya taɓa riƙe muƙamin Kwamishinan Shari'a na jihar, ya sa hannu a dokar da ta ɗaga hukuncin zuwa ɗaurin rai da rai, kisa kuma idan wanda aka sace ya mutu a sanadin garkuwar. Legas ma a shekarar ta yi tata. To ka ga tunda ƙaninka ya dawo da ransa, abin da ke kan wuyan waɗannan mutane a laifin garkuwa shi ne rai da rai. Kisa yana shigowa ne ta wata ƙofa: idan sun zo da bindiga suka kwashi kuɗi ko kaya a gidan, ana iya haɗa musu da tuhumar fashi da makami, wadda idan ta tabbata alƙali ba shi da zaɓi sai ya yanke kisa. Akwai kuma dokar ta'addanci ta tarayya ta 2022, amma ita a Babbar Kotun Tarayya ake shari'arta, kuma galibin shari'un ƙauyukanmu ba sa zuwa can, duk da cewa tun watan Nuwamba na 2021 wata kotun tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda.

Wannan duk a takarda ne. Yanzu mu bi hanyar da mutanen nan uku suka bi.

Holin da ka gani ba shari'a ba ce, ko ƙofar shari'a bai kai ba. Mutum ya zauna a ƙasa, an jera bindigogi da wayoyi a gabansa, an miƙa masa makirufo ya ce "ni na yi". Jama'a suka ce shi ke nan, rana ɗaya ta mai kaya ta zo. Alƙali kuwa bai ga wannan ba, ko da ya gani a talabijin ɗin gidansa doka ta hana shi aiki da shi. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar, sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya ɗora nauyin tabbatarwar a kan mai ƙara, tabbatarwar da ba ta bar wani kokwanto mai ma'ana ba. Daga wurin holin sai a kai su kotun majistare. Majistare ba shi da hurumin sauraron laifi mai wannan nauyi, aikinsa kawai ya ba da umarnin a ajiye su a gidan gyaran hali. Daga nan 'yan sanda su aika kwafin fayil zuwa Ma'aikatar Shari'a, ofishin daraktan gabatar da ƙararraki, wanda aka fi sani da DPP, ya karanta ya ba da shawara: wane akwai hujja a kansa a gurfanar da shi a Babbar Kotu, wane babu a sake shi. Sai an shigar da takardar tuhuma a Babbar Kotu, an ba wani alƙali, an karanta musu sun amsa ko sun musanta, sannan za a ce an fara shari'a.

Tsakanin majistare da Babbar Kotu nan ne maƙabartar shari'u. Na ga fayil da ya yi wata goma sha bai bar ofishin masu bincike ba, dalilin da aka bayar shi ne babu kuɗin buga kwafi. Na ga wanda ya isa ma'aikata babu bayanin wanda aka sace a ciki kwata-kwata. A da mutum yana iya shekara biyar, shida a wannan hali ba a ce masa ci kanka ba, kuma har yanzu kusan biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Don a rage wannan ne dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ƙayyade umarnin tsarewa zuwa kwana 14, a sabunta shi sau ƙalilan, in hukuma ta kasa kawo dalili a saki mutum. Bauchi da Gombe duk sun yi tasu irin dokar. Saboda haka lauyan wanda ake tsare da shi yana zuwa Babbar Kotu ya ce: ya mai shari'a, shekara guda ke nan, babu tuhuma, babu shawarar DPP. Alƙali ya juya ya tambayi lauyan gwamnati, shi kuma ya tashi ya ce fayil bai iso ba. Me kake so alƙalin ya yi? Haka kuma Babban Jojin jiha kan zaga gidajen gyaran hali lokaci zuwa lokaci ya sallami waɗanda suka daɗe babu shari'a.

Shi ya sa ganin mutum a kasuwa bai gaya maka komai ba tukuna. Yana iya zama beli aka ba shi, shari'a na nan da ranta, ranar zama zai koma. Yana iya zama DPP ya ce babu hujja a kansa. Yana iya zama an kori ƙarar saboda masu gabatarwa sun kasa kawo shaidu, ko Antoni Janar, wato Kwamishinan Shari'a na jiha, ya janye ta da ikon da sashe na 211 na kundin tsarin mulki ya ba shi. A duk waɗannan ana iya sake kama shi a sake gurfanarwa, domin babban laifi irin wannan ba ya ruɓewa don ya daɗe. Ƙofa ɗaya ce in ya fita ta cikinta ta rufe: a yi shari'a har ƙarshe alƙali ya wanke shi. Wanda aka wanke ba a sake tuhumarsa a kan wannan laifin, sai dai gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Mutanenmu duka suna ce musu "an sake shi", amma a wurin lauya sallama daban, wankewa daban.

To a ce an kai Babbar Kotu. A nan ne nake so ka saurare ni da kyau, domin nan ne ku kuke da hannu.

Shari'ar garkuwa a kan mutum biyu take tsayuwa: wanda aka sace, da wanda ya kai kuɗin fansa. In waɗannan biyu ba su shiga akwatin shaida ba, sauran duk ƙawa ce. Kuma su ne suka fi kowa gudun kotu, ban kuma ga laifinsu ba. Da ɗan gari kan ci gari. Infoman da ya nuna gidan sau da yawa maƙwabci ne, ko yaron gida, ko wanda ake sahu ɗaya da shi a masallaci. An kama uku, amma bakwai suna daji, kuma sun san hanyar gidan. Sai a aiko da saƙo ta bakin wani: ku gaya wa wane ya bar zuwa Bauchi. Ko dattawa su shigo da maganar sulhu, a ce zumunci, a ce a bar wa Allah, a mayar da wani abu daga cikin kuɗin. Doka ba ta yarda a sasanta laifin garkuwa ba, amma doka ba ta iya ɗauko shaidar da ya ce ya yafe ta buɗe masa baki ya faɗi abin da ya gani. Akwai wani dattijo da ba na mantawa, shi ya kai kuɗin fansar 'yarsa da hannunsa, ya ga fuskar wanda ya karɓa da rana tsaka. Sau uku yana biyan kuɗin mota daga ƙauyensu ya zo kotu. Zuwan farko ba a kawo waɗanda ake tuhuma ba, an ce motar gidan yari babu mai. Na biyu lauyan ɗaya daga cikinsu bai zo ba, kuma laifi mai wannan girma ba a sauraronsa sai kowa yana da lauya. Na uku alƙali ya tafi taro. A na huɗu kowa ya hallara, dattijo ne bai zo ba, damina ta faɗi yana gona. Bayan ɗagewa biyu aka kori ƙarar. Wanda ya ji labarin a gari zai ce an sayi alƙali.

Ko da shaidar ya zo, akwai maganar ganewa. An ɗauke mutum ƙarfe biyun dare, an haske masa ido da tocila, an ɗaure masa fuska, masu gadinsa sun naɗe kai da rawani. Lauyan da ke kare wanda ake tuhuma zai tambaye shi: ka san shi kafin ranar? Da wane haske ka gan shi? Ka faɗi kamanninsa ga 'yan sanda tun a bayaninka na farko? Idan wanda aka sace bai san mutumin ba tun da, ƙa'ida ita ce a jera shi cikin wasu mutane masu kama da shi a ce ya nuna. Abin da aka fi yi kuwa shi ne a fito da mutum ɗaya da ankwa a hannu a ce "shi ne ko?" Wannan ganewa ba ta da nauyi a kotu, domin kama da wane ba ta wane. Amma idan ƙaninka ya yi kwana goma sha tara tare da su, ya ga fuskokinsu da rana, ya ji sunayen da suke kiran juna, to shaidarsa tana da ƙarfi ƙwarai, in dai ya faɗi haka tun farko aka rubuta.

Sai ikirarin da ka ji da kunnenka. Gaskiya ne kotu tana iya ɗaure mutum da ikirarinsa kaɗai idan ya yi shi da son ransa kuma ya fito sarari. Amma ranar da za a miƙa takardar, kusan kowa sai ya ce dukansa aka yi, an rataye shi, an tilasta masa dangwala yatsa. Da ya faɗi haka sai a tsayar da babbar shari'a a buɗe wata ƙarama a cikinta, don a gano ko da yardarsa ya yi bayanin. Wannan kaɗai yana iya cin wata shida. Sashe na 29 na Dokar Shaida ya ce in ta hanyar azaba aka samo shi a yi watsi da shi, ko da abin da ke ciki gaskiya ne, tun 2017 kuma azabtarwar kanta laifi ce a dokar tarayya. Sababbin dokoki sun ce a ɗauki ikirari a bidiyo ko a gaban lauyan mutum, kuma Kotun Ƙoli ta riga ta nuna cewa wannan ba ganin dama ba ne. Ga wani rami da ya fi shafar yankinmu: wanda ake zargi ya yi magana da Hausa ko Fulatanci, ɗan sanda ya rubuta da Turanci. Idan da tafinta aka yi, dole a kawo tafintan ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ta zama ji-ta-ji-ta. Shekara uku bayan nan ina za a samo ɗan bangan da ya yi tafinta a daren? Ɗan sandan da ya yi binciken ma an mayar da shi wata jiha, kuma kuɗin motar zuwansa daga aljihunsa zai fito. Sannan ikirarin mutum kansa kaɗai yake ci. Idan na farko ya ce "da wane da wane muka yi", wannan ba hujja ba ce a kan sauran sai in sun amince da maganar. Sau da yawa dalilin da ke sa a ɗaure ɗaya a saki biyu ke nan, jama'a su yi ta mamaki.

Waya ma haka. Da ita aka yi cinikin fansa, ita ce ya kamata ta zama babbar shaida, amma bayanan kira ba sa shiga kotu sai da takardar tabbaci da sashe na 84 na Dokar Shaida ya nema a kan duk abin da kwamfuta ta fitar, layin kuma galibi da sunan wani bawan Allah aka yi masa rajista. Kuɗin fansa tsaba ne a buhu, babu wanda ya rubuta lambobinsu.

In kana son ganin yadda hujja ke juya hukunci, dubi shari'u uku da duk ƙasar nan ta sani. Hanifa Abubakar, yarinya 'yar shekara 5 a Kano, an sace ta a Disambar 2021, an kama mai makarantarsu Abdulmalik Tanko a Janairun 2022, ranar 28 ga Yuli na wannan shekarar Mai shari'a Usman Na'abba ya yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya tare da Hashimu Isyaku, ita kuma Fatima Musa aka ba ta shekara biyu. Wata shida kacal. Me ya sa? An tono gawa, an kama shi a kan maganar karɓar fansa, iyaye sun tsaya, Kwamishinan Shari'a da kansa ya jagoranci masu gabatar da ƙara, idon duniya kuma yana kai. Evans na Legas an kama shi a Yunin 2017, amma sai Fabrairun 2022 aka yanke masa ɗaurin rai da rai a shari'ar farko, daga baya a shekarar wata kotu ta ƙara masa shekara 21 a wata shari'ar. Na ukun maƙwabcinmu ne, Hamisu Bala Wadume na Ibi a Taraba. A Agustan 2019 sojoji suka buɗe wa 'yan sandan da suka kamo shi wuta, 'yan sanda uku suka mutu, ya tsere, aka sake kama shi a Kano. Duk ƙasa ta yanke masa hukunci a baki. Amma a 2022 Mai shari'a Binta Nyako ta Babbar Kotun Tarayya a Abuja ba ta same shi da laifin garkuwa ba. Abin da ya tabbata shi ne tserewa daga hannun hukuma da mu'amala da haramtattun bindigogi, aka ba shi shekara bakwai. A Afrilun 2024 ya fito, aka tarbe shi a Ibi kamar wanda ya dawo daga Makka.

Mutane sun yi ta lissafi suna cewa ai shekara bakwai ba ta cika ba. Ta cika a lissafin gidan yari. Ana ƙirgawa daga ranar da aka kama mutum, sannan ana yafe wa fursuna mai ladabi kashi ɗaya bisa uku na wa'adinsa, shi ya sa ake cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Bakwai sau takwas wata 56, wato shekara huɗu da wata takwas. Ƙirga daga Agustan 2019 ka ga inda za ka tsaya. Haka nan idan ka ji an ce shekara biyar a tuhuma ta ɗaya, goma a ta biyu, bakwai a ta uku, kada ka tara. Galibi tare suke tafiya, mafi tsawo ita ce wa'adin.

Ko an yanke kisan ma, ba a gama ba. Wanda aka yanke wa yana da kwana 90 ya ɗaukaka ƙara, shari'un Bauchi sun daɗe suna tafiya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Jos, daga can sai Kotun Ƙoli a Abuja, kuma ba a taɓa shi muddin ƙararsa na gaban kotu. A 1981 an kashe wani Nasiru Bello a jihar Oyo alhali ƙararsa ba ta ƙare ba, Kotun Ƙoli ta yi tir da hakan a 1986, tun daga nan kowa ke taka-tsantsan. Bayan an ƙare duk wannan, wanda kan ci shekara goma, sai gwamna ya sa hannu. Gwamnoni kuwa ba sa sa wa. Rabon da a zartar da hukuncin kisa a Najeriya tun Disambar 2016, lokacin da aka rataye mutum uku a Benin ta jihar Edo, yanzu kuma sama da mutum 3,000 ne ke zaune suna jira. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba Babban Joji dama ya mayar da hukuncin zuwa rai da rai idan mutum ya ƙare ɗaukaka ƙara ya kuma yi shekara 10 ba a zartar ba, sashe na 212 na kundin tsarin mulki kuma ya ba gwamna ikon afuwa. Wanda aka yanke wa kisa a yau, a zahiri ɗaurin da ba shi da rana aka yi masa.

Nakan ji masu cewa a kai su kotun shari'ar Musulunci a huta. Lallai a fiƙihu wannan aiki hiraba ne, wato fashi da tare hanya, hukuncinsa yana cikin aya ta 33 ta Suratul Ma'ida, kuma a mazhabar Malikiyya idan ɗan hiraba ya yi kisa, yafewar dangin mamaci ba ta kuɓutar da shi. Amma can ɗin ma sai da shaidu ko ikirarin da ba a tilasta ba, haddi kuma ana ture shi da shubuha. Hukuncin zai bi matakan ɗaukaka ƙara har Abuja, ya dawo teburin gwamnan nan dai. Sauya kotu ba ya haifar da shaidar da ba ta zo ba.

Ra'ayina, wanda na san wasu abokan aikina ba su yarda da shi ba: ƙara tsananin hukunci shi ne abu mafi arha da gwamnati ke iya yi, majalisa ta zauna, gwamna ya sa hannu, a yi labari. Amma duk lokacin da hukunci ya yi nauyi, alƙali yakan ƙara tsananta bincike kafin ya ɗora shi a kan mutum, ƙaramin giɓi sai ya zama dalilin saki. Wanda ake tuhuma kuma ba shi da abin da zai samu in ya amsa laifi, gara ya musanta ya ja shari'a har shaidu su gaji. Yaron da ke gadin mutane a dajin da ya haɗa Alkaleri da Filato da Taraba, ko a dajin Lame-Burra, bai san sashe na nawa ba. Abin da ya sani shi ne wane an kama shi bara, ga shi ya dawo. Da za a riƙa samun shekara 20 tabbatacciya cikin wata tara, da ta fi kisan da ake faɗa a rediyo tsoratarwa. Kuɗin da za a kashe kuwa ba su da yawa: kuɗin motar shaidu, kyamara a ɗakin ɗaukar bayani, lauyan gwamnati ya shiga bincike tun ranar kamu, da alƙalan da aka ware wa irin waɗannan shari'u, don in alƙali ya yi ritaya ko aka ɗaga shi sama a tsakiyar shari'a, daga farko ake sakewa.

Yanzu abin da za ka yi. Kada ka tunkare shi, kada kuma ka bari matasa ko 'yan banga su taɓa shi. In aka yi haka kai ne za ka koma akwatin wanda ake tuhuma, kuma shari'arka ba za ta rasa shaidu ba. Ka je sashen 'yan sandan da ya yi binciken ka nemi lambar ƙarar da sunan kotun da aka kai su. Ka je rajistarar wannan kotun ka nemi a gaya maka umarni na ƙarshe da aka bayar da ranarsa, in da hali ka biya a ba ka kwafi mai hatimi. In beli ne, ka karɓi ranar zama na gaba, ku je kai da ƙaninka da wanda ya kai kuɗin, ku gabatar da kanku ga lauyan gwamnati mai riƙe da fayil, ku ba shi lambar da za a same ku. Sau da yawa sammaci yana fita amma ba ya isa ƙauye. In an yi muku barazana ku gaya masa a rubuce, domin tsoratar da shaida dalili ne na soke beli, kuma yana iya roƙon kotu ta ɗauki matakin kare ku. In korar ƙarar aka yi saboda rashin shaidu, ku rubuta wa Antoni Janar takarda ku ce ga mu, a shirye muke, a sake shigar da ita. Kuna da damar ɗaukar lauyanku ya zauna a kotu yana sa ido a madadinku, ko da ba shi zai gabatar da ƙarar ba. Ku kuma adana duk wata shaidar abin da kuka rasa, takardar cinikin gonar, sunayen waɗanda suka shaida sayar da shanun, lambobin da aka kira ku da su, domin kotu tana da ikon umartar wanda aka samu da laifi ya biya diyya, amma sai an roƙa kuma an nuna adadi.

Kafin duk wannan, ka zauna da ƙaninka ku biyu, ba a gaban jama'a ba, ka tambaye shi ko zai iya tsayawa taku biyar daga mutumin nan ya nuna shi da yatsa, lauya yana juya shi da tambayoyi awa guda. In ya ce zai iya, ranar Litinin ku kama hanyar Bauchi da sassafe, ku riski rajistara kafin a shiga zaman ƙarfe tara.